Majo zai koma lakkol

A bakansin bana na tarar da gidanmu ya rabu biyu a kan yayana. Shekara shida ke nan yana majo a wata likitar ƙauye cikin jihar Maraɗi, irin wadda ake kira CSI. Shi ke duba marasa lafiya, shi ke allura, in ungozoma ba ta nan shi ke karɓar haihuwa, ƙarshen wata kuma shi ke cika rahoto. Yanzu ya ce zai ajiye wannan duka na shekara biyu, ya je ya yi mastar kan lafiyar jama'a, abin da ake kira santé publique da Faransanci. Ya kai takardunsa Yamai, ya kuma aika wasu makarantar Wida ta ƙasar Benin.

Inna ta tambaye shi: "In ka gama, za ka fi iya allura?" Ya ce a'a, wataƙila ma ba zai ƙara riƙe allura ba. Ta ce, "To mi za ka koyo?" Ya yi shiru kaɗan, ya ce ƙirga. Inna ta ce, "Mutane sunka ba ka amanar ɗiyansu, kai kuma za ka tai ka koyo ƙirga." Daga nan ba ta sake tanka maganar ba har na koma Yamai.

Ni ba likita ba ne, ɗalibin ilimin harshe ne. Amma kafin in tashi yaya ya tare ni ƙofar gida ya ce, "Kai mi ka gani?" Tun ranar nake juya tambayar, kuma na ga ba ta gidanmu kaɗai ba ce. Da yawa daga cikinmu za mu gamu da ita ta wata fuska. Ya halatta mutum ya bar wanda ke gabansa yana ciwo, wanda ya san sunansa da na uwarsa, don wasu da bai san su ba, waɗanda ma ba su kamu ba tukuna?

Bari in fara da hujjar yaya, yadda ya faɗa mini ita muna shan shayi. Kowace shekara daga tsakiyar damina zuwa kaka likitarsa cika take da yara masu masassarar sauro. Ya yi musu magani, su warke, baɗi su dawo. Wasu ba su dawowa, don an kawo su a makare bisa amalanke. Wata rana ya buɗe rajistocin shekara uku ya jera sunayen garuruwa, sai ya ga mafi yawan masu tsanani daga ƙauyuka biyu suke, waɗanda ke bayan ƙorama. Alhali akwai maganin kariya da ake raba wa yara daga wata 3 zuwa shekara 5, sau ɗaya a wata lokacin damina. Ranar farko ana ba yaro gaban mai rabo, na rana ta biyu da ta uku uwa ke ba shi a gida. To ina matsalar take? Masu rabo ne ba su iya ƙetare ƙorama in ta kawo? Ko uwaye ne ke ajiye sauran ƙwayoyin don ɗaci, ko don su jira sai yaro ya kwanta? Ko kuwa nisan hanya ne kawai ke sa ƙaramin ciwo ya girma? Kowace amsa da irin gyaranta. Ya ce, "Na ga abin da idona, amma ban iya tabbatar da shi yadda za a saurare ni ba." Abin da zai je koyo ke nan: bin sawun cuta cikin jama'a, ƙididdiga, tsara aiki da kasafin kuɗinsa.

Da na zauna tunani sai na tuna ni kaina ina cikin waɗanda irin wannan ƙirga ta amfana, ban kuma taɓa gode wa kowa ba. A annobar sanƙarau ta 1996 zuwa 1997, cikin ƙasashen Sahel, sama da mutum 250,000 suka kamu, wajen 25,000 suka mutu. A ƙarshen 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, ga duk mai shekara 1 zuwa 29. Ina firamare aka jera mu aka yi mana, abin da na riƙe kawai shi ne kukan da muka sha. Tun daga nan nau'in A, wanda shi ne ke haddasa manyan annobobin da, ya kusan ɓacewa. Cikin ajinmu wa da wa ne sanƙarau zai ɗauka in da ba a yi ba? Babu mai iya nuna shi, ko shi kansa bai sani ba. A 2015 kuma nau'in C ya taso, ya kashe sama da mutum 500 a Nijar, har aka rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki. Waɗanda suka gane cewa ƙwayar ta sake, suka ce a nemo wata allura daban, masu ƙirga ne da masu awo.

A nan harshe ya shigo, don na lura Hausa ta tanadi godiya ga mai warkarwa. Wanda ya tashi daga ciwo ana ce masa barka da arziki, shi kuma ya kai wa majo zabo ko ƙwaryar nono. Amma wanda aka hana ciwo ya same shi, barka da mi za a yi masa? Muna cewa rigakafi ya fi magani, amma a aikace mai magani muke girmamawa. Ina jin wannan na cikin abin da ya sa Inna ta ji kalmar ƙirga kamar wasa.

Sai dai in ka fasa kalmar rigakafi za ka ga riga da kafi. Kafi shi ne shingen itace da ake kewaye gari da shi, shi ne kuma asirin da magabata ke binnewa don tsare gari. Ba a yi wa mutum guda kafi, gari ake yi wa. A hayin Najeriya ma'aikacin tsabta sunansa duba-gari. Ke nan tunanin cewa gari ma yana ciwo, ana kuma duba shi kamar yadda ake duba mutum, ba baƙo ba ne gare mu. Ko a tarihin Musulunci akwai shi. A annobar Amwas ta ƙasar Sham, wajen shekara ta 18 bayan hijira, Abu Ubaida ya ƙi barin rundunarsa, ya zauna cikinsu har cutar ta ɗauke shi. Da shugabanci ya zo hannun Amru ɗan Asi sai ya umarci mutane su watsu cikin duwatsu, annobar ta lafa. Ban taɓa jin malamin da ya zargi ɗayansu ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da na ce yaya ya yi gaskiya, Inna ba ta gane ba. Amma Inna ta gane wani abu da ni ban so in gani ba.

Na farko, wanda ke gabanka yana da haƙƙin da wanda ke cikin lissafi ba shi da shi. Matar da ta yi tafiyar awa biyu da yaro a goye don ta san majo na nan, akwai alkawari tsakaninsu ko da ba a furta ba. In ya tafi aka bar likitar ga wanda bai ƙware ba, ko aka yi watanni ba a turo kowa ba, wani zai mutu wanda da ya rayu. Wannan yana da suna, za a yi zaman makokinsa. Waɗanda yaya zai ceta bayan shekara biyar, in ma ya cece su, har yanzu zato ne.

Na biyu, mun san inda mafi yawan masu irin wannan takarda ke ƙarewa. A fadarmu in aka ce wane ya yi santé publique, abin da ake ji shi ne ya samu hanyar shiga proje: biro mai sanyi, mota kat-kat, taro a otel, kuɗin zama. Ba na cewa neman abinci laifi ne, albashin majo kowa ya san shi. Amma ya kamata mutum ya faɗa wa kansa gaskiya. Na tambayi yaya ko gajiya na cikin dalilinsa. Ya ce tana ciki, shekara shida bai yi barcin dare uku a jere ba tare da an buga masa ƙofa ba. Na ji daɗi da bai ɓoye ba, don wanda ya ce dalilinsa jama'a ce zalla, shi na fi tsoro.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, don ni na aikata shi. Bara na yi aikin tafinta na kwana goma a wani anket kan lafiyar mata da yara. Takardar da Faransanci take, ni ke mayarwa Hausa. Akwai tambaya: ɗiya nawa kika haifa, nawa ke raye? Wata mata ta ce biyar. Muna shirin wucewa sai kishiyarta ta yi dariya ta ce shida ne, ɗan fari ne ba ta sa ba. Kunya ce, kowane Bahaushe ya san ta, amma takardar ba ta san ta ba. Wata kuma ba ta ba mu adadi ba, sai ta shiga kiran sunayen waɗanda suka rasu ɗaya bayan ɗaya, da lokacin da kowane ya tafi, wannan da kaka, wannan shekarar tamowa. Ni kuwa na juya na ce wa mai rubutu uku. A rahoto kowane ɗayansu zai zama abin da suke kira cas. Na nemi kalmar Hausa da ta yi daidai da cas ban samu ba: mu sai mu ce mutum, ko yaro, ko wance. Da muka tashi, matar ta ce, "In kunka gama ƙirgawa, mi za ku yi da su?" Na ce za a kai Yamai. Ta ce to. An biya ni jikkunana, ban sake komawa garin ba, ban kuma ji an koma an faɗa musu abin da aka gano ba.

Tun daga ranar nake ganin ƙirga bashi ce. Wanda ya karɓi sunan mamaci daga bakin uwarsa ya mayar da shi lamba, ya ci bashin da ba ya biyuwa sai lambar ta koma garin ta zama wani abu: rijiya, ko kwale-kwalen ƙetare ƙorama ranar rabon magani, ko aƙalla bayani cikin harshen da matar ke ji. Kuma mun taɓa ganin an biya. Kurkunu ba shi da magani, ba shi da allura. Mutum na shan ruwan tabki mai ƙananan ƙwari da ke ɗauke da tsutsar, bayan wajen shekara guda ta fito masa a ƙafa, sau da yawa daidai lokacin noma. Da mi aka kore shi? Da ƙirga garuruwan da yake, da ƙyallen tace ruwa, da rijiyoyi, da mutanen gari da suka bi gida gida suna cewa mai kurkunu kar ya shiga tabki. A 2013 hukumar lafiya ta duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da shi. Ƙannenmu sunansa kawai suke ji. Ƙirgar ta yi aiki don ta dawo bakin tabki da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu.

Ga abin da na ce wa yaya ta waya bayan mako biyu. Na ce ya tafi, don tambayar ƙauyukan bayan ƙorama tambaya ce ta gaske, kuma gara wanda ya yi shekara shida yana jin kukan yaran ya zama mai ƙirga su, da a bar wa wanda bai taɓa kwana a ƙauye ba. Amma kar ya ɗaga sai wanda zai canje shi ya iso, ya zauna da shi ya nuna masa gari, ko da hakan zai sa ya rasa shekarar bana. Sannan memuwar ɗinsa ya yi shi kan waɗannan ƙauyukan biyu, in ya gama kuma ya koma ya karanta musu abin da ya samu a ƙofar mai gari. Fassarar ni na ɗauka, don in rage nawa bashin.

Ban ce wannan ya share maganar Inna ba. Ko da sabon majo ya zo, akwai daren da za a buga ƙofa a tarar da wanda bai san hanyar bayan ƙorama ba. In wani abu ya faru a wannan daren, yaya zai ji labari yana cikin aji, kuma ba lissafin da zai sauke masa nauyin. Na faɗa masa haka. Ya ce ya sani, ya ce kuma in ya zauna, yaran da za su zo a makare baɗi da baɗin baɗaɗa su ma nauyi ne, sai dai babu wanda zai ɗora masa su.

Ku ƴan'uwa ɗalibai, musamman na fannin lafiya da ke hangen mastar, ba na hana kowa. Ina roƙo dai kafin ku cika takarda ku iya faɗin sunan garin da za ku koma ku ba amsa. Mu ma na fannin harshe da zamantakewa, da muke bin anket don kuɗin bakansi, maganar ta hau kanmu.

Har yau da nake rubutu ba a turo wanda zai canji yaya ba, sunayen waɗanda aka ɗauka ma ba su fito ba. Inna ta aiko mini da ƙuli-ƙuli da saƙo, wai in gaya wa wana in ya tashi tafiya ya biyo ta gida tukuna. Ni kuma na sayi kaye na fara jera kalmomin da zan buƙata. Shafin farko na rubuta cas, gabansa har yanzu fili ne.