Zuwa Na Yi In Gan Ka

Ɗan'uwa, kafin ka naɗe buzun salla ka shiga hidimar yini, mu ɗan tsaya a kan wani labari da Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi. Wani mutum ne ya bar garinsu zai ziyarci ɗan'uwansa a wani gari, sai Allah ya tsayar masa da mala'ika a bakin hanya. Mala'ikan ya tambaye shi inda ya nufa, ya faɗa masa. Ya sake tambayarsa ko akwai wata moriya da yake bi a wurin mutumin. Ya ce babu, saboda Allah kawai yake ƙaunarsa. A nan aka yi masa albishir cewa Allah yana ƙaunarsa kamar yadda shi ya ƙaunaci ɗan'uwan nasa.

Tambaya ta biyun nan ita ce mai nauyi a kanmu. Mu Hausawa nisa bai taɓa ba mu tsoro ba. Kakanninmu sun bi ayari har Gwanja neman goro, yau kuma motocin Maraɗi ba sa hutawa a hanyar Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano. Amma ka duba tafiye-tafiyenka na bana: kasuwa ce, ko biki, ko asibiti, ko ta'aziyya. Tafiyar da babu komai a cikinta sai ganin fuskar aboki ta yi ƙaranci, har in mutum ya yi ta, mai masaukinsa ma tsorata yake yi.

Abokin da muka yi karatun allo tare yana Agiye, ni kuma aiki ya riƙe ni a Yamai, tsakaninmu fiye da kilomita 700. Wata rana cikin hunturu na kama hanya ni kaɗai bayan sallar asuba. Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, sai Galmi da buhunan albasarta jibge a bakin kwalta. Da fari jiki ne kawai ke tafiya, hankali yana can baya yana lissafin abin da aka bari. Sai rana ta take, an gaji da rediyo, babu abokin hira, sannan zuciya take fara yi wa mutum tambayoyin da hayaniyar gari ke hana shi ji. Don shi za ka, ko don a ce wane mai zumunci ne? Za ka ji damuwarsa, ko za ka nuna masa inda Allah ya kai ka? Wanda ke cikin motar haya yana da masu ɗauke masa hankali. Mai tafiya shi kaɗai dole ya amsa, kuma yana da sa'o'i masu yawa na gyara niyyarsa kafin ya isa.

A Madawa na yi azahar raka'a biyu. Malamanmu na Malikiyya sun ce tafiyar da ta kai mil 48, wajen kilomita 80 ke nan, ana yin ƙasaru a cikinta. Dubi wannan rahama: Ubangiji ya sassauta wa matafiyi a cikin hakkinsa, sannan ya sa addu'arsa cikin addu'o'in da ake amsawa. To wanda ya fita don aboki an ba shi yini guda na roƙo. Kada ya ƙarar da shi a kan bukatun kansa. Ya ambaci abokin da sunansa, da iyalinsa, da gonarsa, da iyayensa da suka riga mu gidan gaskiya.

Da yamma na ratsa Gidan Rumji. Ba na wuce garin nan ban tuna shekarar 2019 ba, lokacin da dubban mutane suka tsere wa ƴan bindiga daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka shigo ƙauyukan wannan yanki. Mutanen ƙauyukan ne suka fara buɗe musu gidaje da rumbuna. Da yawa cikinsu dangi ne, wasu surukai, wasu abokan cin kasuwa. Zumuncin da aka riƙe da ƙafa lokacin zaman lafiya shi ya zama masauki ranar gudu. Daga nan na bi ta Tibirin Gobir na kwana a Maraɗi, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ja kunnenmu game da tafiyar dare ga mutum shi kaɗai, kuma ƙaunar aboki ba ta ba kowa izinin wasa da ransa ba.

Daga Maraɗi zuwa Agiye gonakin gero da aya ne hagu da dama, an riga an girbe, amma ba fili ne fetal ba. Gawo ya yi shar a tsakiyar kara, ga ƙalgo, ga aduwa. Manoman wannan ƙasa, irin na ƙauyen Ɗan Saga, sun yi suna da abin da suke kira sassaben zamani. Tun daga shekarun 1980 suka daina tumɓuke kututture in ya yi toho. Sai su zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, su sassabe sauran, su kare su daga gatari da awaki, domin saiwar tana raye a ƙasa ko da an daɗe da sare itacen. Tsohuwar abota ma haka take. Ba sabon dashe take bukata ba, mai zuwa ya duba tohon take jira.

Da na isa Agiye na yi sallama a zaure, wani yaro ya ruga ciki yana cewa, "Baba, ga baƙo!" Abokin nawa ya fito yana dogara sanda, ya ƙura mini ido, sannan ya riƙe hannuna da hannuwansa biyu.

"Malam, kai ne? Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. Zuwa na yi in gan ka."

Bai yarda ba. Bayan an kawo ruwa a moɗa da fura mai sanyi, ya sake rage murya: "Tsakaninka da Allah, ba rasuwa aka yi ba?" Da ya tabbata babu, sai ya ɗaga murya ya kira ƴaƴansa: "Ku zo ku gai da babanku, daga Yamai ya taso takanas!"

Sandar nan kuwa ban taɓa jin labarinta ba. Muna gaisawa ta waya, muna tura wa juna saƙon murya ranar Juma'a, kullum amsarsa sai godiya. Bahaushe ba ya kai kuka ta waya. Sai ka zauna da shi a tabarma ɗaya kake ganin ƙafar da ta kumbura, da rumbun da ba zai kai damina ba, da ɗan da ya tafi ci-rani ya daina aike. Washegari ya ce in kai shi Gazawa mu gai da iyalin malaminmu, ziyarar da ya daɗe yana so ƙafa ta hana shi.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ranar da aka ce wane ya rasu, kuɗin mai ba ya gagara, izinin wurin aiki ba ya gagara. Mu cika mota mu je mu zauna a ƙofar gidansa kwana uku muna faɗin kirkinsa, shi kuwa ba ya ji. Ta'aziyya hakki ce, ban raina ta ba. Amma me ya hana a kai masa rabin wannan wahala tun yana iya cewa maraba? Wanda ba shi da halin doguwar tafiya ma yana da wani a ƙauyen gaba, inda kabu-kabu zai kai shi ya dawo kafin la'asar.

Ya Allah, ka tsare duk wanda ya kama hanya da safen nan, ka kare shi daga hatsari da miyagun mutane. Ka tsarkake niyyarmu, ka hore mana lafiya da guzuri, ka sada mu da abokanmu na ƙuruciya muna raye suna raye. Waɗanda suka riga mu kuma ka yi musu rahama. Amin.