Azumi Don Ran Miji: So Ne Ko Nauyi?

Idan damina ta sauka a jihar Rajastan da ke arewa maso yammacin Indiya, shagunan masu kayan zaƙi na birnin Jaipur sukan cika da wani abu da ake kira gewar. Zagayayye ne kamar faifai, da rami a tsakiya, jikinsa duk ƙofofi kamar saƙar zuma. Da fulawa da man shanu da ruwan sanyi ake kwaɓa shi ruwa-ruwa, sai a riƙa tsiyaya ƙullun daga sama cikin mai mai tafasa, kaɗan-kaɗan, har ya taru ya yi kauri. Daga nan a jiƙa shi da ruwan sukari, wasu su ɗora masa dafaffiyar madara mai kauri. Wannan kayan daɗi kuwa an fi cinikinsa ne a daidai bikin da mata da yawa ba sa sa ko ɗigon ruwa a baki.

Sunan bikin Tij, ma'anarsa “ta uku”, domin bukukuwan da ke ɗauke da sunan duk a rana ta uku ta rabin wata suke faɗowa. Hariyali Tij na zuwa a watan Shrawan na kalandar Hindu, tsakanin Yuli da Agusta. Bayan wata guda sai Hartalika Tij, wanda ya fi ƙarfi a Nepal da jihohin Bihar da Uttar Pradesh. Matan aure na azumi don mazajensu su yi tsawon rai, 'yan mata kuma don su dace da miji nagari. Ana ƙunshin lalle, a sa awarwaro, a ɗaura lilo a jikin bishiya. A Katmandu mata sukan sa jajayen sari su yi dogon layi a wurin bautar Pashupatinath.

Wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya ya ga ɗan'uwan wannan azumi, wato Karwa Chauth, a fim ɗin Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, inda ba a buɗe baki sai an ga wata. A fim abin gwanin sha'awa ne. Amma bayan an kashe kallo tambaya takan rage: mace ta yini da ƙishirwa don ran mijinta, shi kuwa al'ada ba ta ɗora masa kwatankwacin hakan ba. So ne wannan, ko nauyi ne da aka yi wa kwalliya?

Masu suka suna da hujja mai ƙarfi, kuma ba a kan yunwar take ba. Idan aka yarda cewa azumin mace yana ƙara wa miji kwana, me za a ce ranar da ya mutu? Ba sai an furta ba, zargi ya riga ya sami inda zai sauka. A tsohuwar al'adar Hindu, matar da mijinta ya rasu takan cire awarwaronta, ta goge jan garin da matan aure ke sawa a tsagar kai, ta koma farin tufafi, kuma ba a sa ta cikin irin waɗannan bukukuwa. Ke nan bikin da ya ɗaukaka matar aure shi ne kuma yake tuna wa wadda ta rasa miji cewa darajarta da ran wani aka ƙulla ta.

Sai dai labarin da Hindu ke bayarwa game da asalin azumin bai yi kama da labarin mace mai sunkuyar da kai ba. A imaninsu, mahaifin Parvati ya yi niyyar aurar da ita ga Vishnu, ita kuwa Shiva take so. Sai ƙawarta ta ɗauke ta ta ɓoye a daji, inda ta yi ta azumi da ibada har ta sami wanda ta zaɓa. Sunan Hartalika ma daga nan ya fito: kalmar ɗaukewa da kalmar ƙawa. Azumin farko ke nan na budurwa ce da ta ƙi zaɓin mahaifinta. A Nepal kuma Tij lokaci ne da matan aure ke komawa gidan iyaye, su ci wani babban abinci da ake kira dar a jajibirin azumi, su yi rawa, su rera waƙoƙin da ke faɗin wahalar gidan miji da halin surukai a fili, abin da ba ya faɗuwa a sauran ranaku.

A nan gewar ya shigo. A arewacin Indiya, kafin Tij, iyaye sukan aika wa 'yarsu da ke gidan aure kyautar da ake kira sindara: tufafi, awarwaro, lalle da kayan zaƙi, gewar a kan gaba. Abin ya yi kama da garar da ake kai wa amarya a ƙasar Hausa, da alkakinta da nakiyarta, sai dai shi sindara duk shekara yake dawowa. Azumin don miji ake yi, amma zaƙin daga gidansu yake zuwa, yana shaida wa gidan miji cewa yarinyar nan tana da mutane, ba a manta da ita ba.

A ganina amsar tambayar tana nan. A ɗauki mata biyu a unguwa ɗaya, duka suna azumi, ƙishirwarsu ɗaya, lallensu ɗaya. Daga waje ba mai iya bambanta su. Bambancin zai fito ne idan da azahar kowacce ta ɗauki kofi ta sha ruwa. Ɗaya mijinta zai ce sannu, dama kin gaji. Ɗayar kuwa uwar miji za ta kalle ta, maƙwabta su ji, a ajiye maganar sai ranar da miji ya kwanta ciwo. Ta farko abin da take yi kyauta ce, domin tana da ikon hanawa. Ta biyu haraji take biya, ko da tana murmushi.

Wani zai ce ita ma ta farkon ai tun tana ƙarama aka koya mata son abin, to ina zaɓin? Wannan gaskiya ne, amma haka yake ga kowa. Babu wanda ya ƙirƙiro abin da yake girmamawa daga cikin kansa. A gida muka tarar da harshe, da gaisuwa, da kunya. Gado ba ya ɓata niyya. Abin dubawa shi ne farashin da mutum zai biya idan ya ce a'a, kuma wa ya sa wannan farashi.

Saura mijin. A fim ɗin nan, Raj shi ma ya ƙi cin abinci saboda Simran, kuma a biranen Indiya na yau akwai mazan da ke taya matansu azumin. Abu ne mai kyau, amma yinin yunwa guda bai da wuya. Mutumin da ya san an ƙi shan ruwa saboda ransa ya ɗauki bashi, kuma wurin biyansa sauran kwanakin shekara ne: ranar da ba ta da lafiya, ranar da danginsa suka taso mata, ranar da ta ce bana ba za ta iya ba.

Ba sai mutum ya zama Hindu ba kafin wannan tambaya ta shafe shi. A kowane gida akwai wanda ke ci daga ƙarshe, ko ya haƙura da nasa don wani ya samu, kuma mukan yaba masa mu wuce. Kafin yabon, yana da kyau mu tambayi kanmu abin da za mu yi masa ranar da ya daina. Su kuma masu bikin Tij, idan an buɗe baki an karya gewar, a duba ko an miƙa wa matar nan mai farin tufafi da ke zaune a gefe.