A Bari Injin Ya Huce

Motata ta yi wata uku tana shan baƙin mai kamar mai jin ƙishirwa. Duk mako biyu sai na ƙara lita guda, kuma duk inda na ajiye ta, in na tayar sai in tarar da baƙin tabo a ƙasa. Ranar da na gaji da ƙari, na kai ta garejin bakanikena a nan Kaduna da yamma liƙis. Ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya girgiza kai. Ba abin da ake gani sai baƙi. Maiƙo da ƙurar hunturu sun haɗu sun daskare a jikin injin kamar an yaɓa masa laka, har kan kusoshi ya ɓace.

"Yallaɓai, a haka ko ni ban san inda yake yoyo ba," in ji shi. "Sai mun wanke."

Na ce to a wanke yanzu mana, ina sauri. Ya kai bayan hannunsa kusa da injin, bai taɓa ba, ya janye. "Da zafinsa? Bar ta ta kwana. Ka dawo da sassafe."

Na so in yi masa gardama da cewa ai da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, amma wannan maganar maƙera ce. Injin da ya yi tafiya yana kai zafin digiri 90 ko fiye, bakin salansa kuwa ya ninka haka sau da yawa. Ka watsa wa ƙarfe mai irin wannan zafi ruwan sanyi, gefe guda zai tsuke nan take alhali ɗaya gefen yana buɗe, sai ya tanƙware ko ya tsage. Ka zuba masa kananzir, kafin ya jiƙa dauɗar ya tashi ya bi iska, in ma bai kama da wuta ba. Haka na hau Keke Napep na koma gida ina ƙunƙuni.

Karatunmu na safiyar yau yana cikin Zabura 51, tare da labarin da ya haife ta a 2 Sama'ila sura 11 da 12. Amma ku bar ni in ƙarasa zancen gareji tukuna, domin a can na fahimci zaburar fiye da yadda na taɓa fahimtarta a kan bencin majami'a.

Washegari ƙarfe bakwai saura na iso, hazo bai washe ba, yaran gareji suna jin ɗumin wutar kwali. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne an ɗauki kusan rabin sa'a ba a taɓa ruwa ba. Ogansu ya fara cire baƙar wayar batir. Ya kawo ledoji, ya rufe altanato, ya rufe akwatin fis, ya rufe bakin da injin ke shaƙar iska, kowanne ya ɗaure da tsinken robar tayar keke. Yana yi yana ba ni labarin zamanin da yake yaron gareji, lokacin 504 ta kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975. A wancan lokaci, in ka rufe distiributa da kafireta ka gama. Motocin yanzu kuwa wayoyi ne da na'urori ko'ina, ga kwamfuta, ɗigon ruwa kaɗan a soket guda ya isa ya hana mota tashi. Ya ce yawancin injinan da ke zuwa masa a mace bayan wanki, masu fesa ruwa da ƙarfin inji ne suka kashe su, suna ganin gwaninta suka yi.

Sannan aka fara. Da ɗan katako mai faɗi aka kankare inda ya yi kauri, dauɗar tana faɗowa guntu-guntu kamar ƙanzo. Aka shafa kananzir da burushi, aka bar shi kamar minti goma ya ratsa. Ruwa kaɗai ba ya kama maiƙo, zamewa yake yi ya wuce. Kananzir ɗan'uwan mai ne, shi ke iya shiga ya narkar da shi, sannan ruwan omo ya kwashe su duka. Wani yaro ya ɗauko galan ɗin fetur, ogan ya daka masa tsawa. Mutane da yawa da fetur suke wankewa don ya fi sauri, amma tururinsa yana kama wuta ko da sanyin asuba, tartsatsi ɗaya ya wadatar. Lunguna kuwa da tsohon burushin goge baki aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Aka ɗauraye a hankali da ruwan bokiti, aka ari iskar mai facin da ke maƙwabtaka aka busar. Baƙin ruwan da ya sauka a yankakkiyar jarka aka tare shi, kuma na yaba masa a kan wannan, don na gaji da ganin kwatocin garinmu suna ƙyalli da mai ana kuma mamakin yadda rijiyoyi ke wari.

Injin ya fito fes, har ina ganin lambobin da aka buga a jikin ƙarfe. Na zaro kuɗi zan biya in tafi. Ya yi dariya. "Yallaɓai, ai ba mu yi komai ba tukuna. Wankin nan don mu gani ne."

Ya tayar da motar, ya ce in zaga da ita in dawo. Da na dawo ya haska tocila, ya kira ni. Wani siririn layin mai, sabo, launin zuma, yana gangarowa daga gefen murfin saman injin. Gasket ɗin wurin ya tsufa, zafi ya busar da shi ya tsattsage. Ni kuwa duk watannin nan ƙasan injin nake zargi, don a nan nake ganin ɗiga. Ya ce haka kowa ke yi. Mai daga sama yake fitowa ya gangaro, iskar fanka da ta hanya su kwashe shi su watsa baya, ƙura ta manne, zafi ya gasa. Inda ya fi baƙi sau da yawa ba shi ne inda ya fashe ba.

Yanzu mu koma ga karatunmu, ga Sarki Dawuda. Abin da ya faru tsakaninsa da matar sojansa Uriya, daga kan rufin fada da yamma ɗaya, lokacin da sojojinsa suke bakin daga shi yana zaune a Urushalima, naso ne da ya fara siriri. Abin da ya biyo baya shi ne ƙurar. Da matar ta yi ciki, ya kira Uriya daga yaƙi don ya kwana da ita a gida, Uriya ya ƙi. Ya ba shi abin sha har ya bugu, bai yi ba. Daga ƙarshe ya rubuta wa Yowab, shugaban sojojinsa, wasiƙar da za ta kashe Uriya, ya kuma danƙa ta a hannun Uriya ɗin ya kai. Kowace dabara wani sabon yaɓe ne a kan na jiya. Har aka haifi yaron sarki bai ce uffan ba, wato wajen wata tara ke nan ko fiye yana zaman shari'a, yana karɓar gaisuwa. Zabura 32 ta ba mu hoton mutumin da ya yi irin wannan shiru, ƙasusuwansa suna lalacewa a ciki.

Ku lura da yadda Allah ya zo masa. Annabi Natan bai shigo fada da tsawa ba. Labari ya kawo, na attajiri mai garke da matalauci mai 'yar tunkiya guda wadda take ci daga abincinsa, take kwana a ƙirjinsa. Dawuda tsohon makiyayi ne, labarin ya ratsa shi ta inda wa'azi ba zai ratsa ba, kamar yadda kananzir ke shiga inda ruwa ke zamewa. Sai da sarki ya yanke hukunci da bakinsa, sannan annabi ya nuna masa cewa shi ne mutumin. Kuma a nan take, bayan ya amsa laifinsa, aka gaya masa ba zai mutu ba. Horon ya zo, mai ɗaci ƙwarai, amma an rufe abin da ruwa zai kashe kafin a zuba ruwan.

Akwai wani wankin injin daban, duk wanda ya taɓa sayen tokumbo ya san shi. Dillali zai sa a wanke injin tas, a shafa masa abin ƙyalli, robobi su yi baƙi sumul kamar sababbi. Wannan wanki don kada a gani ne. Shi ya sa masu wayo in sun ga injin tsohuwar mota ya cika tsabta sukan ƙara bincike, wasu ma su ce a bar ta tana aiki su ga abin da zai fito. Ubangiji Yesu ya yi wa malaman Attaura da Farisiyawa magana a kan irin wannan a Matiyu 23, masu wanke bayan ƙoƙo da akushi su bar cikin. Kayan aikin ɗaya ne, kananzir ɗaya, burushi ɗaya. Addu'ar tuba ma haka take. Da kalmomi iri ɗaya wani yana buɗewa wani yana rufewa, kuma a ganina mu da muka daɗe a cikin ikilisiya mun fi kowa iya ta dillalai, domin mun san kalmomin da ke ƙyalli.

Ni na sani, don na yi. Shekara guda cur ina roƙon gafara kowace safiya saboda faɗa a gida. In yi wa yara tsawa a kan ƙaramin abu, in ba uwargida amsa a gajarce, in zo da safe in ce Ubangiji ka gafarta mini zafin rai. Ƙarin lita guda ke nan duk mako biyu. Sai wata rana bayan na gama surutu a kan kuɗin makaranta, ta bar ni sai da na yi shiru na ci abinci, sannan ta ce a hankali, "Baban yara, tun da ƙaninka ya tare a sabon gidansa ba ka sake dariya a gidan nan ba." Ban amsa ba. Kwana biyu ina jin haushinta, domin ta haska tocila daidai wurin. A kan 'ya'yana abin yake ɗiga, amma daga can sama yake fitowa, kuma sunansa hassada. Wannan suna ban taɓa kawo shi gaban Allah ba ko sau ɗaya. Zafin rai ya fi sauƙin faɗa, har yana da ɗan kwarjini.

Da ta faɗa mini wannan a tsakiyar faɗan, da wani abu ya tsage a tsakaninmu. Ta jira na huce. Ina ganin dalilin da ya sa safiya ta dace da wannan aiki ke nan. Da dare mutum yana ɗauke da zafin yini, duk abin da aka zuba masa tashi yake yi, kowace magana yana da amsarta. Da asuba hujjojin jiya sun yi sanyi. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku da dare yana jin ɗumin wutar gawayi, kuma a Yahaya 21 da gari ya waye ne, a bakin teku, kusa da wata wutar gawayin, aka yi masa tambaya sau uku. Ko a nan ma sai da aka ba shi gurasa da kifi ya karya kumallo.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Kafin ka tashi daga inda kake zaune, ɗauki abin nan da kake ta neman gafararsa mako bayan mako, ka bi shi sama. Yaushe ya fara? Da wa kake tare in ya taso? Me ya faru kafin nan wanda ba ka taɓa ambata ba? Kada ka yi sauri, ba kuma sai ka kankare kanka har jini ba. Ka ba shi mintinsa goma.

Dawuda ya roƙi wanki a aya ta 2 da ta 7, amma bai tsaya nan ba. A aya ta 10 ya roƙi a halitta masa zuciya mai tsabta, kuma kalmar Ibrananci da ya yi amfani da ita ita ce ta ayar farko ta Farawa, wadda a Tsohon Alkawari Allah kaɗai ake jingina wa aikinta. Ya gane sabulu ba ya gyara abin da ya tsage. Bakanikena ma bai liƙa wa tsohon gasket gam ba. Ya aiki yaro Panteka ya sayo sabo, ya kwance murfin, ya goge bakin ƙarfen har ba sauran ɓurɓushi, ya ɗora, ya ɗaure kusoshin kaɗan-kaɗan daga tsakiya zuwa gefe don kada murfin ya karkace.

Ya Ubangiji, ga ni da sanyin safiya, ban zo da hujja ba. Ka cire abin da ya daskare, ka nuna mini inda yake fitowa, ka ba ni ƙarfin kiransa da sunansa. Abin da ya tsage kuma ka sāke shi, don ni ƙari kawai na iya. Cikin sunan Yesu, amin.

Da zan tafi, bakaniken ya ce in riƙa ɗaga bonet kowace safiya kafin in tayar, in shafa yatsa a gefen murfin. Yau ma na shafa, yatsan ya fito a bushe, sai 'yar ƙurar hunturu. Gidan ƙanina kuwa ranar Asabar za mu je, ni da uwargida da yara, har ta sayi tabarmar da za mu kai musu.