Mage Ma Tana Da Haƙƙi

Yau tambaya na zo mana da ita, wadda na sha jin mata na yi a gidan suna da wurin biki, a nan Dangora da ƙauyukan Kiru da Bebeji. Shin daidai ne mace ta kashe kuɗi a kan maganin dabba, alhali na cefane ma da ƙyar yake isa?

Mai wannan tambaya ba ta yi laifi ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka saki darajar Naira a watan Yuni na shekarar, komai ya ɗaga. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a lissafin hukuma. Maganin dabbobi kuwa da yawansa daga waje ake shigo da shi, da dala ake sayensa. Ga kuɗin man babur ɗin da zai kawo malamin dabbobi har ƙofar gida. Shi ya sa in dabba ta kwanta sai ki ji an ce, "To, Allah Ya kawo sauƙi," a juya baya.

Ni dai ga ra'ayina. Idan ɗanki ba lafiya, akuyarki ba lafiya, kuɗin kuma na ɗaya ne, ai babu gardama, mutum ne a gaba. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, sau nawa zaɓin yake zama haka? Sau da yawa tsakanin maganin dabba ne da ankon biki, kuma kin san wanda yake yin nasara.

Akwai wani abin lura. Akuya da tunkiya mukan yi musu ƙoƙari, domin su ne bankin mace. Da su ake haɗa kayan ɗakin yarinya, da su ake fita kunyar suna. In kin yi wa akuya magani, jarinki kika tsare. Mage fa? Ita ke kwana tana gadin rumbu da buhun masara kada ɓera ya yi ɓarna, amma ba mai sayenta ko da Naira ɗaya. Haka tsohon karen maigida da ya gama gadi, haƙori ya zube. A wurin waɗannan ne ake gane tausayi na gaskiya, don babu ribar da ake jira.

Malamai sun karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda mage. Ta kulle ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema da kanta ba, har ta mutu. Sun kuma ba mu labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Duka biyun suna cikin Bukhari da Muslim. Ki duba, 'yar uwa, dabba ba ita ta roƙi zama gidanki ba. Ranar da kika ɗaure ta a turke, ko kika rufe ta a akurki, kin hana ta nema wa kanta, cinta da shanta da lafiyarta sun dawo wuyanki. Tsada ba ta sauke wannan nauyi, sai dai ta sa mu yi dabara.

Dabara ta farko rigakafi, don ya fi magani araha nesa ba kusa ba. Titin da ya tashi daga Kwanar Dangora ya bi ta Tudun Wada da dajin Falgore, shi ke kaiwa Jos, kuma kusa da Jos, a Vom, akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa. Tun 1924 take can, a nan gida take haɗa alluran rigakafi. Cutar majina da zawo ta awaki da tumaki, wadda likitoci ke kira PPR, allura ɗaya na kare dabba aƙalla shekara 3. Annobar da ke share kaji lokacin hunturu tana da rigakafin da ake ɗigawa a ido, ana maimaitawa bayan wata 3 zuwa 4. Kare da mage kuwa a yi musu allurar haukan kare duk shekara. Wannan ciwo in ya bayyana a jikin mutum da wuya ya tashi, kuma yara ne suka fi wasa da dabba. In an yi cizo ko yagu, a wanke da sabulu da ruwa na minti 15, a garzaya asibiti.

Ta biyu haɗin kai. Kwalbar rigakafi ɗaya takan isa kajin gidaje da yawa, in an buɗe ta kuma ba ta ajiyuwa. Mu da muka iya adashi, me zai hana matan unguwa su haɗa kuɗi, a kira malamin dabbobi rana guda, a raba kuɗin man?

Ta uku, a guji arahar da ke kisa. Kada ki ba mage farasitamol, hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Kada ki jiƙa wa kaji ragowar kafso na mutane. In an yi wa dabba allurar magani, ki tambayi kwana nawa za a jira kafin a sha nononta ko a ci ƙwai da naman. Sharar turke, ruwa mai tsabta, cire kaska, dusa da 'yar kanwa, duk waɗannan ba sa cin kuɗi sosai.

Ta huɗu ita ce mai ɗaci: ki ajiye daidai ƙarfinki, daidai ruwa daidai tsaki. Awaki uku masu ƙoshi sun fi goma masu tari. In riƙo ya gagara, ki sayar tun tana da lafiya, ko ki ba wanda zai iya. Amma kada a kai marar lafiya kasuwa a ɓoye aibinta, wannan ha'inci ne. Kada kuma a ɗure 'ya'yan mage a buhu a jefar a bola.

Ki tuna yara na kallonki. Yaron da ya ga uwarsa na zuba wa mage ruwa da tsakar rana, ya koyi yadda ake yi da wanda ba shi da bakin roƙo. Wata rana mu ma za mu tsufa, mu zama ba mu da abin da za mu amfana wa kowa, hannun yaran nan za mu koma.

Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk abin da ke ƙarƙashinmu, mai magana da marar magana. Wassalam.