Matan Ikkilisiya a Adar da Gadon Kalbin

 

Duk wanda ya san ƙasar Adar ya san da an kai hatsi rumbu, maza sai su ɗaure kaya su nufi Abijan ko Legas ko Libiya cin rani, a bar mata da gida da rijiya da yara. Aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda aka soma a 1984 da tallafin Italiya, akasarin masu ɗaukar duwatsunsa mata ne. Haka lamarin yake a ƴan majami'un Tawa da kewaye. Zumuntar Mata ce ke raira waƙa, ita ke gaida marasa lafiya, ita ke girkin taro, baikonta kuma ba ya yankewa. Amma ranar zaman dattawa, inda ake yanke maganar kuɗi da horo, da wuya ka hangi kallabi. In wata ta nemi dalili, a ce mata haka koyarwa ta zo. Wace koyarwa?

Mishan ta SIM, wadda ta sauka Damagaram a 1924, ta zauna Tsibiri a 1927, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, ba ta ɗarika guda ba ce. Sai dai ikkilisiyar da ta haifa, wato EERN, tsarin dattawa take bi, tana kuma cikin ƙungiyar duniya ta ikkilisiyoyin da ke danganta kansu da Yohanna Kalbin, malamin Faransa da aka haifa a 1509, ya rasu a Jeneba a 1564. Don haka ya dace mu ji abin da malamin ya faɗa, mai daɗi da marar daɗi.

Ba za mu yi masa kwalliya ba. A sharhinsa na wasiƙun Manzo Bulus ya koyar cewa mace tana ƙarƙashin namiji tun daga tsarin halitta, ba ta hawa mumbari, har ma ya hana ungozoma yi wa jariri baftisma ko da yana bakin mutuwa. Abokinsa John Knox ya zarce shi, ya rubuta littafi a 1558 yana la'antar sarautar mata. Marie Dentière, wadda ta rubuta a 1539 cewa mace ma tana da ikon buɗe Littafi Mai Tsarki ta yi magana, hukumar Jeneba ta hana yaɗa rubutunta. Sai a 2002 aka sassaƙa sunanta a wurin tunawa da magabatan gyaran ikkilisiya a birnin.

Amma akwai ɗaya gefen da ba a cika karanta wa matanmu ba. Ginshiƙin koyarwar Kalbin shi ne ceto alheri ne tsantsa, zaɓen Allah ne, ba ladan aiki ba, ba na jinsi ba. Wanda ya gaskata haka ba shi da hujjar ganin rawaninsa ya fi mayafin matarsa kusa da kursiyin rahama. Sa'an nan a babban littafinsa na koyarwar addini, bugun 1559, ya saka rufe kai da shirun mata a cikin sujada a sahun al'amuran ladabi da tsari, waɗanda ke bin zamani da al'adar wuri, bai saka su a sahun abin da ceto ya rataya a kai ba. A sharhin Korintiyawa ta fari ma ya yarda larura na iya sa mace ta yi magana a bainar jama'a. Ni kuwa ban san larurar da ta wuce ta ƙauyen da mazansa suka yi wata bakwai a bakin teku ba.

Tarihin bishara da harshenmu ya riga ya ba da shaida. Johanna Veenstra, ɗiyar ikkilisiyar bin Kalbin ce daga Amurka, ta iso Nijeriya a 1920, ta zauna Lupwe kusa da Takum, tana wa'azi da Hausa, tana horar da masu bishara, har ta rasu a Vom a 1933. Ikkilisiyar da Johanna ta fito daga cikinta ba ta ba mace mumbari a gida Amurka ba sai a 1995, amma ta karɓi gonar da macen ta share.

Sai maganar sanyin gwiwar da ya kama matanmu a ikkilisiya. Ruwa ba ya tsami banza. Tsofaffi suna tune da rabuwar da ta auku a EERN wajen 1990 kan saɓanin shugabanci, ƴan'uwa da suka sha ƙoƙo ɗaya suka koma majami'u daban. Ƙananan abubuwa ma suna ci wa mata rai: yarinya ta yi ciki a sa ta horo a gaban jama'a, wanda ya yi mata kuwa a yi shiru don ɗan dattijo ne; matar da miji ke duka a ce mata, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri," a sallame ta; a tara baiko shekara ta zagayo ba a karanta lissafi ba. Wasu sun koma sababbin majami'u masu kiɗa, wasu sun zauna gida.

Abin mamaki, koyarwar da ake rufe musu baki da ita, ita ce ta fi kowace tsananta wa shugabanni. Kalbin ya ce zunubi ya ratsa dukan ɗan Adam, bai cire fasto ba. Saboda haka dokokin ikkilisiyar Jeneba na 1541 suka wajabta wa fastoci zama duk wata uku su binciki halin juna, suka danƙa dukiyar matalauta a hannun dikinoni, ba a aljihun mai wa'azi ba. Majalisar dattawan birnin tana kiran mai dukan matarsa ta tsawata masa, a shari'ar zina kuma hakkin neman rabuwa ɗaya ne ga miji da mata. Wanda ya ɗauki shirun mata daga Jeneba ya baro waɗannan, ya zaɓi abin da ya yi masa daɗi ne kawai.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In Zumuntar Mata ta Tawa ta nemi a karanta lissafin baiko a gaban jama'a, a kuma sa dattijuwa cikin zaman duk shari'ar da ta shafi mace, ko kusa ba ta fita daga gadon Kalbin ba. Na farkon ma dattawa na iya zartar da shi a zamansu na gaba, ba sai an jira babban taron ƙasa ba.