Waƙar Rabuwar Masoya: Ta Dace da Yaranmu?

Yau waƙa ba ta jiran ranar biki. Daga Kano takan biyo ta Jibiya da Ɗan Isa, ta shigo Madarumfa cikin wayar hannu. Daga arewa kuma ga jitar Abzinawa, irin ta Bombino da Mdou Moctar, wadda Turawa ke lissafawa cikin kiɗan rok. Da yawa cikin waƙoƙin nan zancen ƙauna da rabuwa ne. Ko ya kamata ɗanka ya ji?

Laifin ba na jita ba ne. Dawuda ma ya kaɗa garaya, Zabura kuwa cike take da kukan mai baƙin ciki. Amma dubi inda kukan yakan ƙare: ga dogara ga Allah.

Da wannan za ka auna waƙa. Zauna ka ji ta har ƙarshe. In ta ce wanda aka ƙi ya gafarta, ya tashi ya kama aikinsa, ba za ta ɓata saurayi ko budurwa ba. Wata rana za su bukaci wannan haƙuri. In kuwa tana koyar da ramuwa, ko zagin mata, ko shan giya da ƙwaya domin a manta, a kashe ta.

Ɗan shekara 7 fa? Kayan nan ya fi ƙarfin kansa, gama yana haddace abin da bai gane ba. A dakata tukuna.

Kada ka fasa wayar, zai ji a gidan maƙwabci. Tambaye shi abin da waƙar ke faɗi, ka gaya masa dalilinka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.