Baƙo A Gidan Masu Gida

Mutumin da ya taso daga Birniwa ya shigo Kano don buɗe ido, abin da aka saba shi ne a kai shi Dala, a kai shi Gidan Makama da Kasuwar Kurmi, a ƙare da marinar Ƙofar Mata. Ni ma haka aka yi mini. Amma da muka fito daga marina sai na ce wa abokina ya raka ni filin ƙwallon nan na Sani Abacha da ke kusa. Ya dube ni ya ce ai yau ba wasa. Na ce shi ya sa.

Wani dattijo muka tarar a bakin ƙofa. Da ya ji daga ƙasar Haɗejiya nake, ya ce baƙo ba ya komawa daga ƙofa, ya miƙo mini ruwa, ya shige gaba. To, ga ni tsaye a wurin da aka buga wasannin Gasar Matasa ta Duniya a 1999, da na Kofin Afirka a 2000, da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Nan ne gidan Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci gasar ƙasa a 2008, ta sake ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Amma abin da idona ya gani bai wuce kujeru da siminti da tsuntsaye ba. Duk wancan tarihi a kaina na shigo da shi.

Ruwan dattijon nan shi ya jawo mini tunanin da nake son mu tattauna. Kirarin wannan ƙungiya shi ne "Sai Masu Gida". In akwai masu gida, lalle akwai baƙi, kuma haka muke kiran ƙungiyar da ta zo daga wani gari. Mu kuwa Hausawa ba abin da muke alfahari da shi kamar karɓar baƙo, addini ma ya yanka masa haƙƙi na kwana uku. Shin wannan haƙƙi yana shiga filin ƙwallo, ko a bakin ƙofa yake tsayawa tare da dattijo?

Ba don neman magana na yi tambayar ba. A watan Afrilu na 2022, a wannan fili, an tashi wasan Pillars da Katsina United ba a ƙare ba, 'yan kallo suka farfasa motar baƙi. Hukumar gasa ta ci tara, ta zaftare maki uku. Da kaka ta ƙare, masu gida da baƙin nasu duka suka gangara rukuni na ƙasa. Kano da Katsina fa, masu auratayya tun kaka da kakanni!

Wani zai ce, Malam, ka haɗa abin da bai haɗu ba. Baƙon da aka ce a girmama shi ne wanda ya zo neman masauki. Wannan kuwa ya zo ne ya ɗebe maki uku ya bar ka da kunya a gaban 'ya'yanka, sunansa abokin karawa. Kuma in aka hana 'yan kallo zafi, me ya rage na amfanin gida? Maganar nan tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Ni kaina ba na son filin da za a zauna shiru kamar ana zaman makoki. Ihu da ganga da tsokana duk cikin wasa suke.

Sai dai na tuna kokawar kaka a ƙauyukanmu. In an kai gero rumbu, samarin wani gari sukan zo takanas don su ka da namu. Kowa ya san abin da ya kawo su. Duk da haka a gidajenmu suke sauka, tuwonmu suke ci, in dare ya yi a shiga fage. Lokacin ina yaro na ɗauka kirki ne kawai. Yanzu na gane har da lissafi a ciki. In ka bar ɗan kokawa da yunwa, ko ka razana shi da sanda, sannan naka ya ka da shi, wa aka kayar? Gobe in makaɗi ya wasa gwaninku, mutanen wancan gari dariya za su yi, ku ma a zuci kun san abin da kuka yi.

Haka abin yake a nan. Pillars ta yi shekara 12 ba a ci ta a gida ba a gasar ƙasa, sai a 2015 Nasarawa United ta zo ta karya. Ba na tuhumar wannan tarihi. Abin da nake cewa shi ne, nauyinsa duka yana rataye ne a kan cewa kowane baƙo a cikin waɗancan shekaru yana da damar ya ci ya fita lafiya. Ranar da aka cire wannan dama, mai jifa bai cuci baƙo kaɗai ba, ya tsoma hannu cikin taskar gidansu ya kwashe. Kuma mu tuna cewa ɗaya daga cikin manyan ranakun Pillars a baƙunci ta same ta: a 2009 ta je Alƙahira ta yi 2 da 2 da Al Ahly, ta fitar da ita daga Gasar Zakarun Afirka. Da an tare su da duwatsu a can, da wane labari za mu ba jikoki?

Abin da ya fi damuna dai ni ne. Da sauƙi mutum ya yi hukunci a filin da ba kowa. Na dubi layin kujerun nan na tambayi kaina, da ina cikin dubban nan, alƙalin wasa ya hana mu ƙwallo a minti na ƙarshe, na kusa da ni ya ɗaga dutse, me hannuna zai yi? Masu jifan nan ba daga wata duniya aka kawo su ba. Wataƙila a cikinsu akwai wanda da safiyar ranar ya raka baƙo har tasha bai karɓi ko kwabo ba. Taro yakan ɗauke wa mutum sunansa na ɗan lokaci, shi kuwa sai ya zaci har da alhakinsa aka ɗauke. Ban iya rantse wa kaina ba, kuma wannan bai yi mini daɗi ba.

Kafin mu fita na roƙi dattijo ya bar ni in tsaya a bakin raga, ya ce bismilla. Sai da na tsaya na lura da abin da ban taɓa lura da shi a talabijin ba. Mai tsaron gidan baƙi, minti 45 cur, bayansa yake ba mutanen da bai sani ba, idonsa na kan ƙwallo, ba shi da halin waiwaye. Na ɗan tsaya haka ina fuskantar fili. Ba kowa a bayana sai kujeru, amma sai da na waiwaya sau biyu.